Seminarin Kebek da Jami'ar Laval

Jami'ar Laval, wadda ke birnin Kebek a ƙasar Kanada, ita ce jami'a mafi daɗewa a nahiyar Amurka ta Arewa cikin masu koyarwa da Faransanci. An ba ta matsayin jami'a a 1852, amma tushenta ya girmi wannan shekara da kusan ƙarni biyu, domin daga cikin wata makarantar horar da fada-fada (limaman coci) na ɗariƙar Katolika ta fito, wato Séminaire de Québec.

Kafuwar seminari

A ranar 26 ga Maris 1663 ne François de Laval, wakilin Fafaroma a yankin da ake kira Sabuwar Faransa, ya kafa seminarin, Sarki Louis na 14 kuma ya amince da shi a wannan shekara. Laval, wanda ya zama bishop na farko na Kebek a 1674, ya tsara wurin ya zama gida ga dukkan fada-fadan yankin: a nan ake horar da su, daga nan ake tura su ƙauyukan bakin kogin Saint-Laurent, nan kuma suke komowa idan ciwo ko tsufa ya kama su.

A 1668 aka buɗe ɓangaren yara, Petit Séminaire. Ɗaliban farko 'ya'yan Faransawa ne da wasu yaran ƙabilar Huron, saboda fadar sarki tana son a mayar da 'yan asalin yankin su zama Faransawa a harshe da ɗabi'a. Wannan buri bai je ko'ina ba, yaran Huron ba su daɗe ba. Waɗanda suka zauna, kwana da cin abinci kawai suke yi a seminari, darasi kuwa sai su taka zuwa kwalejin da ke kusa ta 'yan Jesuit, wata ƙungiyar fada-fadan Katolika.

Abin da ya riƙe makarantar tsawon zamani shi ne ƙasa. A 1680 Laval ya mallaka mata dukiyarsa, ciki har da gandun Beaupré da tsibirin Île Jésus. Haya, injinan niƙa da katako daga waɗannan filaye su suka ciyar da ita, su suka sake gina ta bayan gobarar 1701 da ta 1705. Har yau seminarin na riƙe da dajin Beaupré mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,600, inda yanzu aka kakkafa injinan samar da lantarki daga iska.

Zuwan Ingilishi

Da sojojin Birtaniya suka ci Kebek a 1759, sai al'amura suka juya ta inda ba wanda ya zata. Sababbin masu mulki sun hana 'yan Jesuit ɗaukar sababbin mambobi, ginin kwalejinsu kuma ya koma barikin soja. Garin ya rasa inda yara za su yi karatu mai zurfi. Daga 1765 seminarin ya ɗauki wannan kaya, ya fara karɓar yaran da ba su da niyyar zama fada. Daga azuzuwansa lauyoyi, likitoci da 'yan siyasar Kanada masu jin Faransanci suka riƙa fitowa, ciki har da Louis-Joseph Papineau. Ana iya cewa a nan ne makarantar ta fara zama jami'a, tun ba a sa mata sunan ba.

Takardar Sarauniya

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 masu jin Ingilishi suna da jami'ar McGill a birnin Montreal, masu jin Faransanci kuwa ba su da jami'a ko ɗaya. Bishop-bishop suka juya ga seminarin Kebek, don yana da kuɗi, littattafai da malaman da za su iya. Shugabansa, Fada Louis-Jacques Casault, ya tafi Landan neman izini, Gwamna Janar Lord Elgin ya mara masa baya. Ranar 8 ga Disamba 1852 Sarauniya Victoria ta sa hannu a takardar izinin kafa jami'ar. Abin lura, sarauniya 'yar Furotesta ce ta halatta jami'ar Katolika, amincewar Roma a hukumance kuwa sai a 1876 ta zo, zamanin Fafaroma Pius na 9.

An fara da tsangayoyi huɗu: ilimin addini, shari'a, likitanci da fasahohin adabi. Casault ne shugaba na farko, kuma bisa tsarin, duk wanda ke shugabantar seminari shi ne shugaban jami'a. Seminarin ne ya gina azuzuwa, ya biya albashi daga aljihunsa.

Montreal ba ta ji daɗin wannan tsari ba. Bishop Ignace Bourget ya daɗe yana neman jami'ar garinsa, aka yi ta ja-in-ja har Roma. A 1878 aka buɗe reshen Laval a Montreal, wanda ya ɓalle a 1920 ya zama Jami'ar Montreal.

Rabuwa da coci

A 1938 Fada Georges-Henri Lévesque, ɗan ƙungiyar fada-fada ta Dominican, ya kafa makarantar nazarin zamantakewa a Laval. Ɗalibansa da dama suna cikin waɗanda suka jagoranci sauye-sauyen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin lardin Kebek ta karɓe ilimi da asibitoci daga hannun coci. Tsofaffin gine-ginen cikin gari kuma sun yi wa jami'ar kaɗan, sai ta ƙaura sannu a hankali zuwa Sainte-Foy, a bayan gari, tun daga shekarun 1950.

Majalisar dokokin Kebek ta ba ta sabuwar doka a 1970, wadda ta raba ta da seminari. A 1972 masanin kimiyyar fiziks Larkin Kerwin ya zama shugabanta na farko da ba fada ba, a 2017 kuma Sophie D'Amours ta zama mace ta farko a kujerar. Firaministocin Kanada uku, Louis St. Laurent, Brian Mulroney da Jean Chrétien, a nan suka karanta shari'a. Ɗalibanta a yau sun haura 40,000.

Seminarin bai mutu ba, yana nan a matsayin ƙungiyar fada-fada. Tsohon gininsa mai farin bango da fili a tsakiya yana cikin tsohon birnin Kebek, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar ke karatu a cikinsa.