Angar Ƙaramin Jirgin Su: Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Tambayoyin nan kan anga, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, su ne dai kullum, daga masu kwalekwale a Chorkor da Teshie da ke gaɓar teku a Accra har ’yan’uwa masu kai komo tsakanin Kumasi da Yeji, garin da ke bakin tafkin Volta. Ga amsa wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Kilo nawa zan saya?

Kowa da ita yake farawa, alhali ita ce mafi sauƙi. Jirgi mai tsawon mita 5 zuwa 7, anga mai kilo 5 zuwa 8 ta ishe shi idan ruwa na kwance. Kwalekwalen katako mai nauyi, ga inji ga jiƙaƙƙen taru, sai ka ƙara. Amma riƙon anga daga cizon ƙasa yake zuwa, nauyi taimako kawai yake yi.

Dutse ko bulon siminti ba za su yi ba?

A bakin kogi inda babu iska, na ɗan lokaci, to. A teku, a’a. Siminti idan ya shiga ruwa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ke tafiya, ƙarfe kuwa kashi 13 kacal. Ga shi ba shi da haƙorin da zai kama yashi, sai ya riƙa bin jirgi.

Igiyata mita 20 ce, ai ta isa?

Ta isa me? A nan ake yawan yin asara, sannan a ɗora wa anga laifi. Auna zurfin ruwan, haɗa da tsayin goshin jirgi daga saman ruwa, ka ninka sau 5, in akwai iska sau 7. Zurfin mita 10 na neman igiya mita 55 zuwa sama. Dalili: anga na nutsewa cikin ƙasa ne idan ana janta a kwance. Gajeriyar igiya sama take ɗaga ta, duk taguwar da ta zo sai ta tumɓuke ta. Sayi nailan mai kaurin milimita 10 ko 12, don yana miƙewa ya shanye fizgar ruwa. Shuɗiyar igiyar robar nan mai arha a saman ruwa take yawo, farfela na kama ta, rana kuma na cinye ta.

Sarƙa dole ce?

Dole. Mita 3 zuwa 5, mai milimita 6 ko 8, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Ita ke kwantar da wuyan anga, ita ke hana dutse yanke igiya.

Anga ɗaya nake so da za ta yi mini teku a Accra, ta yi mini tafkin Volta. Wacce?

To, a nan sai an zauna. Gaskiya babu wadda ta ƙware a duka biyun.

Inda ƙasa yashi ce ko taɓo, anga mai faffaɗan harsuna biyu, irin Danforth, ita ce gwana: tana nitsa kanta, kuma ga rashin nauyi. Sai dai a kan dutse zamewa take, idan iska ta juya kuma takan fita ta kasa komawa, musamman in tsakuwa ta maƙale tsakanin harsunan. Volta wani labari ne daban. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye daji, itatuwan na nan tsaye a ƙasa. Danforth ta shiga ƙarƙashin saiwa, ka yi sallama da ita. Can ƙugiya mai yatsu huɗu ko biyar ta fi, wadda mai walda zai haɗa maka da rodi mai milimita 10. Kada ka bari ya sa mai kauri don ya burge ka; so ake idan ta maƙale ka ja da inji yatsan ya miƙe ta fito, ka lanƙwasa shi da guntun bututu. Amma ita wannan ƙugiyar a yashi kartar ƙasa kawai take yi, ban yarda a kwana a kanta a teku ba.

In aljihu ya yarda, riƙe biyu, ƙugiyar rodi ba ta da tsada. In kuwa ɗaya ce tilas, zaɓi ta wurin da ka fi aiki, ka yi mata dabara: ɗaura sarƙa a gindin angar, ka kwantar da ita bisa jikinta, ka ɗaure ta a zoben sama da siririn zare. Idan ta maƙale, ka zagaya da jirgi ka ja, zaren ya tsinke, ta fito ta baya. Wannan ma da sharaɗi: zaren kan tsinke da kansa cikin iska mai ƙarfi, don haka dabarar rana ce, kana farke kana kallo. Ta dare, ɗaura wata igiya daban a gindin, da jarka a ɗaya bakin tana yawo a sama.

Zan iya ɗaurewa ta wajen inji? Ya fi sauƙin ja.

Kul! Baya ya fi ƙasa, ga nauyin inji. Taguwa biyu sun isa su cika jirgin. Ta goshi kawai.

Tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi fa?

Al’adar mutanen wurin ba ta son ƙarfe ya taɓa ruwan, masuntansu kan katako suke hawa. Tambayi dattawan gari tukuna.

Yaya zan san ta kama?

Kwantar da hankalinka, ba wuya. Kada ka jefa ta a dunƙule, sarƙa za ta naɗe harsunan. Sauke ta a hankali, jirgi na ja da baya. Sannan ɗora tafin hannu a kan igiyar. In ta miƙe shiru, ta kama. In kana jin kar-kar-kar, ja take yi, ƙara igiya ko ka ɗago ka sake. Duba abu biyu a tudu da suka yi layi, misali bishiyar kwakwa da rufin wani gida. In suka rabu, tafiya kake.

Anga sabuwa ta ɓace mini, igiya da sarƙa suka dawo su kaɗai.

Kusar mahaɗin da ke haɗa sarƙa da anga ce ta kwance. Ɗaure ta da waya bayan ka matse, kuma ka duba ta duk fita.