"Dijital" ba ta nufin murya garau

Kwanan nan babu kalmar da ta cika bakin masu rediyon sha'awa, wato masu hira da juna ta rediyo don nishaɗi, kamar "dijital". Mutum ya sayi sabuwar oba-oba, sai ka ji ya hau iska yana cika baki: "Ai tawa dijital ce, ko ina nake za a ji ni garau." Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Asalin kalmar daga Latin ne, "digitus", wato yatsa, don da yatsu ɗan Adam ya fara ƙirga. Ma'anarta ke nan, ƙirga da lambobi. Ba ruwanta da kyan sauti ko nisan zango.

A rediyon FM da aka saba, muryarka ce take hawa iska yadda ka furta ta. A dijital kuwa, muryar ba ta barin hannunka sam. Akwai wata 'yar na'ura a ciki, bokoda, mai sauraronka sau 50 a kowace daƙiƙa, tana lura da kaurin murya da ƙarfinta, da ko maƙogwaro na rawa ko iska ce kawai ke fita. Wannan bayanin take mayarwa lambobi ta aika. A can ɗaya ɓangaren wata bokodar ta karanta, ta ƙera murya mai kama da taka. Kamar ka aiki yaro da saƙo ne, ya je ya faɗa yana kwaikwayon maganarka. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1930 Homer Dudley ya ƙirƙiro ta a Bell Labs na Amurka. Wannan kwaikwayon ne ya sa wani lokaci abokin hirarka na shekara goma zai yi sallama, ka tsaya kana tambayar wane ne.

In sigina na da ƙarfi, gaskiya babu shuuu ɗin nan, na yarda. Amma yi nisa ka gani. FM takan dusashe a hankali, ka kara kunne ka tsinci lambar da mutum ke gabatar da kansa da ita a iska a cikin hayaniya. Dijital sai ta fara kakkaryewa kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa, daga nan ɗif. Ni dai a irin wannan wuri na fi son hayaniyar.

Nisan da ake jingina wa dijital kuwa, aikin ripita ne: tashar da ake ɗorawa kan dutse ko doguwar hasumiya, ta ji ka a wata mita, ta sake watsa ka nan take a wata. A zangon da masu sha'awa ke kira "mita 2", tazarar kilohaz 600 aka saba bari tsakanin mitocin biyu. In kuma ka ji wani daga Japan, intanet ce ta haɗa ripitocin, ta hanyar irin su BrandMeister. Masu FM ma sun daɗe suna yin haka da EchoLink.

Inda dijital ta yi abin a yaba shi ne tsimin wuri. Tsarin DMR, wanda Turai ta fitar a 2005 don 'yan kasuwa kafin masu sha'awa su ara, yana raba layi ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu, hira biyu su riƙa karɓa-karɓa ba tare da sun ji juna ba.

Sai dai tsarin dijital ba ɗaya ba ne: DMR ba ta jin yaren D-STAR na kamfanin Icom, D-STAR ma ba ta jin System Fusion na kamfanin Yaesu da ya fito a 2013. Mutum uku za su tsaya a gindin hasumiya ɗaya, kowa da dijital ɗinsa a hannu, babu mai jin wani, sai sun murɗa sun koma FM.