Bayan wuta ta mutu: lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan kwana-kwana da masu aikin ceto

Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu. A irin wannan rana ana ƙirga mamata da waɗanda suka ji rauni, amma ba kasafai ake tuna waɗanda suka kwashe su da hannunsu ba: 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan sanda, direbobin motar asibiti da 'yan agaji. Ga tambayoyin da su da iyalansu suka fi yi.

Na kasa barci tun ranar da muka ciro yaro daga rijiya. Na samu taɓin hankali ne?

A'a. A kwanakin farko jiki bai gama yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Shi ya sa ake samun faɗuwar gaba, firgita da ƙaramar ƙara, munanan mafarkai, rashin son abinci, da saurin fushi. Wani mutumin, warin gashin nama kaɗai zai mayar da shi wurin gobarar. Ga mafi yawan mutane wannan yana raguwa da kansa cikin makonni kaɗan. Aikin da ya fi daɗewa a zuciya shi ne wanda ya shafi yaro, ko abokin aiki, ko wanda ya cika a hannunka bayan ka yi iya ƙoƙarinka.

To yaushe ya zama ciwo?

Ma'aunin likitoci shi ne wata ɗaya. Idan an haura wata kuma abin yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, kana kauce wa titin ko unguwar da abin ya auku, kullum kana cikin ɗar-ɗar, har ya taɓa aikinka ko zamanka da iyali, wannan shi ne ciwon firgicin bayan masifa, wanda ake taƙaita sunansa da PTSD. Sau da yawa yana zuwa tare da ciwon damuwa.

Akwai alamun da ba a jira wata ɗaya a kansu: tunanin kashe kai, kwana biyu zuwa uku ba a runtsa ba ko kaɗan, ruɗewa ko jin muryoyi, da ɗaga hannu a kan mata ko yara. Waɗannan na asibiti ne a ranar.

Me shugaban tasha zai yi idan yaransa sun dawo daga mummunan aiki?

A nan aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Wasu shugabanni sukan tara kowa a ɗaki ɗaya su ce kowa ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama guda na tilas, domin bai hana ciwon ba, kuma wanda bai shiga cikin wutar ba yana iya kwasar hotunan daga bakin wanda ya shiga. Bitar aiki daban ce: a tattauna batun ruwa, tiyo da tsani, wannan dole ne.

Abin da hukumar ta tsara a littafinta na taimakon gaggawa ga zuciya na 2011 mataki uku ne: duba, saurara, haɗa. A fara da ruwan sha, abinci, wanka, sauya kaya da wurin sallah. A lura da wanda ya yi tsit, ko yake rawar jiki, ko ya keɓe kansa. A zauna kusa da shi, in ya yi magana a saurara, in bai yi ba kada a matsa. Kada a ce masa "namiji ne kai" ko "ai mun ga wanda ya fi wannan". Sannan a tabbatar ya isa gida wurin mutanensa, kuma kada a bar wanda hannunsa ke kakkarwa ya hau babur. A sake tuntuɓarsa bayan kwana biyu ko uku, bayan mako guda, da kuma cikar wata. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, alhali shi ne ke nuna wanda abin bai sake shi ba.

Zan iya sayen maganin barci a kemis?

Kada ka saya. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 sun ce kada a ba da magungunan sa barci dangin Valium don firgici ko rashin barci a watan farko, saboda ba su magance tushen abin ba, kuma jiki na saurin sabawa da su. Tramadol da kodin ma haka: sauƙin sa'o'i ne, sai su bar ka da jaraba, su rage maka kuzarin hannu a kan tsani. Ka daina shayi mai ƙarfi, kofi da goro sa'o'i shida kafin kwanciya. Idan gaba ta faɗi, ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na tsawon minti biyar.

Addu'a ba ta wadatar ba?

Addu'a da tawakkali ginshiƙi ne ga mai wannan aiki, kuma likitan kirki ba zai raba ka da su ba. Amma wanda ya ƙone yana addu'a kuma ana wanke masa ciwon. Limaman bariki da fastoci za su taimaka ƙwarai idan sun san alamun nan, domin su ake fara kai wa kuka.

Ina za a je, kuma me ake yi a can?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babban maganin PTSD zama ne da ƙwararre, galibi sau 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako, inda ake bin abin da ya faru daki-daki har tunawa da shi ta daina tayar da jiki. Idan an haɗa da ƙwayar damuwa, takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya.

Idan oga ya ji, ba za a ce ban dace da aikin ba?

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin mai jinya, ta kuma hana nuna masa wariya. A aikace, ka roƙi likita ya rubuta takardar hutu ko ta sauƙaƙa aiki ba tare da bayanin abin da kuka tattauna ba. Zama a ɗakin karɓar kira na ɗan lokaci ya fi dogon hutu a gida kai kaɗai, domin kana tare da abokan aikinka har ka koma kan mota.