Waiwaye: Yadda Sunayen Ƙananan Jiragen Yaƙi Na Ruwa Suka Cakuɗe A Turanci

Duk lokacin da wata rundunar sojan ruwa ta karɓi sabon ƙaramin jirgi, sai gardama ta tashi a kan sunan da ya dace da shi a Turanci: corvette ne (ƙaramin jirgin yaƙi), ko frigate (wanda ya fi shi girma), ko kuwa jirgin sintiri kawai. Mai sauraro zai ɗauka ruɗanin sabo ne, alhali ya daɗe yana taruwa.

A zamanin jiragen da iska ke turawa, Turawan Ingila na ƙirga igwogin jirgi ne su ba shi matsayi, sai zuwan tururi da ƙarfe ya rushe wannan ma'auni. A Yaƙin Duniya na Biyu aka farfaɗo da tsofaffin sunayen corvette da frigate, aka laƙaba wa jiragen rakiyar ayarin jiragen kaya. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba, wanda a ganina shi ne tushen lamarin, rigimar kamun kifi ce. A 1975 ƙasar Aisland ta faɗaɗa ruwanta na kamun kifi zuwa mil 200, Birtaniya kuwa ta tura jiragenta na frigate su kare masuntanta. Jiragen gadin gaɓar Aisland, masu kaurin jiki, suna bi suna tsinke igiyoyin komar masunta, ana ta karo jirgi da jirgi, su kuwa jiragen yaƙin da aka ƙera da tsada domin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa suna komawa gida a lotse. An sasanta a 1976, a 1977 Birtaniya ita ma ta ayyana mil 200, sannan yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta tabbatar wa ƙasashen gaɓa wannan haƙƙi.

Nan take kowace ƙasa ta sami makeken ruwa da za ta gada, aikin da ya fi kama da na ɗan sanda. Birtaniya ta ƙera jiragen ajin Island guda 7, marasa gudu, kowanne da bindiga ɗaya mai bakin milimita 40, amma masu jure wa haukan teku. Irinsu ne ake kira offshore patrol vessel, sunan da ke faɗin aikin jirgi ba tare da ya ce komai game da girmansa ko makamansa ba. Daga nan ma'auni ya zama biyu, na girma da makamai da kuma na aiki, kowace runduna tana ɗaukar wanda ya yi mata.

Shi ya sa wani jirgi mai tsawon mita 115 da masu gadin gaɓar Amurka suke kira cutter mai suna Chase, da ya koma hannun Nijeriya a 2011 ya zama NNS Thunder, da lambar F90 irin ta frigate. Ɗan'uwansa da aka ba Filifin a shekarar shi ma an fara lissafa shi a frigate, sai a 2019 aka mayar da shi cikin jiragen sintiri.