Sabon mai duka a wasannin taron dangi: tambayoyin da ake jin kunyar yi

Wasannin kwamfuta da jama'a ke haɗuwa su yi ta intanet, irin su World of Warcraft, wanda Blizzard ya fitar a 2004, da Final Fantasy XIV na Square Enix, wanda aka rushe aka sake ginawa a 2013, sun kasa aikin yaƙi gida uku. Akwai tanki, mai tsayawa gaban dodo ya sha duka a madadin kowa. Akwai mai magani, mai mayar wa jama'a jinin da suka rasa. Sai mai duka, wanda 'yan wasa ke kira DPS, wato yawan ɓarnar da mutum ke yi wa abokin gaba a kowace daƙiƙa. Nan yawancin sababbin shiga ke faɗawa, bisa zaton aiki ne marar nauyi.

Ai aikin mai duka ne ya fi sauƙi, ko ba haka ba?

Shigarsa ce mai sauƙi. In tanki ya yi sake, kowa zai ga dodo ya juyo kan jama'a. In mai magani ya shagala, gawarwaki ne za su tona masa asiri. Kai kuwa kuskurenka ɓoye yake, shi ya sa mutum zai yi wata uku yana wasa ba daidai ba, ba wanda ya ce masa uffan.

Amma dubi lissafin. A kogon World of Warcraft, wato wurin da ƙungiya ke shiga ta yaƙi dodanni, mutum biyar ake shiga: tanki ɗaya, mai magani ɗaya, masu duka uku. A Final Fantasy XIV huɗu ne, biyu daga ciki masu duka. In ka yi sanyi, yaƙin minti uku ya koma na shida, mai magani ya ƙarar da abin hannunsa, tanki ya rasa garkuwar da zai ɗaga. Manyan dodanni ma wa'adi gare su: in lokaci ya cika ba ku kashe shi ba, sai ya fusata ya share kowa da bugu ɗaya, komai ƙwarewar mai maganinku. Ranar da kuka kai nan, laifin na masu duka ne.

Sannan ka shirya jira. Masu duka sun fi yawa, don haka layinku ya fi tsawo. Tanki na danna neman ƙungiya ya samu, kai kuwa sai ka haɗa shayi ka dawo ba a kira ka ba.

Wane zan fara da shi, mai takobi ko mai harbi daga nesa?

Wanda ya burge ka, amma ka san kuɗin da kowanne ke caja. Mai dukan kusa yana manne da dodo, duk abin da dodon ya watsa shi ya fara samu. A Final Fantasy XIV wasunsu, kamar Monk da Dragoon da Samurai, suna da bugun da sai ta baya ko ta gefen dodo yake cika ƙarfinsa. Masu tsafi irin Black Mage dole su tsaya cak har karatun ya ƙare, in suka motsa ya yanke. Masu kibiya da bindiga, irin Bard da Machinist, ko Hunter na Beast Mastery a World of Warcraft, suna harbi suna tafiya. Ni da za a bar ni, da waɗannan zan fara sa sabon shiga, don idonsa ya samu sararin koyon fili kafin a ɗora masa wani nauyi.

Me zan fara koya kafin komai?

Kallon ƙasa. Ba maɓallai ba, ba kayan yaƙi ba, ƙasan da kake tsaye.

Kusan duk mugun bugun dodo sai ya yi sallama kafin ya zo. A Final Fantasy XIV za ka ga da'ira ko mazugi ko dogon layi ruwan lemo ya bayyana a ƙasa. Fita daga ciki. In ka ga kibiyoyi masu haske sun kewaye wani suna nuna shi, wannan kira ne a taru a kansa a raba dukan, kada ka guje shi, kuma in a kanka suke kada ka arce da su lungu. In alamar ido ta fito a jikin dodo, juya masa baya. A World of Warcraft tsohuwar nasihar ita ce kada ka tsaya cikin wuta, kuma shekara ashirin ke nan ana maimaita ta don har yau ana tsayawa.

Dalilin da na sa wannan a gaba lissafi ne kawai. Gawa ba ta duka. Kuma ko an tashe ka, a Final Fantasy XIV da rauni kake dawowa, ƙarfinka ya ragu da kashi 25 cikin 100 na ɗan lokaci, in ka sake mutuwa kafin ya wuce ya koma kashi 50. Ga mai maganin da ya bar aikinsa ya zo kanka. Bugu ɗaya da ka ƙi bari don kwaɗayi ya ja maka asarar talatin.

Na san wannan da jikina. Farkon koyon Dragoon ɗina, muna kan dutsen wani dodo mai suna Titan, filin da babu katanga, layi ya fito ƙarƙashina. Maimakon in taka gefe taku biyu, sai na danna Elusive Jump, tsallen nan na baya, ban duba me ke bayana ba. Babu komai a bayana sai iska. Ina kallon mutumina yana gangarawa, mai maganinmu ya rubuto kalma ɗaya: "Dragoon." Ashe abin har ya zama zolaya a wasan, ana ce musu tankin ƙasa, saboda yawan kwanciya a kanta.

Ana ta maganar jerin duka, wato tsarin bugun da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Dole sai na haddace shi?

Za ka haddace, amma akwai abin da ya riga shi. Yawancin bugunka suna ƙarƙashin agogo ɗaya: ka danna ɗaya, sauran su kulle na ɗan lokaci. A Final Fantasy XIV daƙiƙa 2.5 ne tun asali, a World of Warcraft 1.5 ga yawancin mayaƙa, kuma kayan jiki na rage shi. Babban bambancin gwani da ɗan koyo shi ne agogon gwani ba ya tsayawa. Da ya buɗe an danna. Ɗan koyo kuwa zai tsaya yana laluben maɓallin da ya dace, daƙiƙa biyu nan, uku can. Bugun da bai dace ba da aka yi a kan lokaci ya fi wanda ya dace da ba a yi ba.

Bayan wannan, zauna ka karanta bayanin kowane bugu, ɗaya bayan ɗaya. Mutane ba sa yi, kuma rabin amsar tana ciki: wanne ke bin wanne, wanne ke barin dafi a jikin dodo yana cin sa a hankali, wanne ke ƙara maka ƙarfi na 'yan daƙiƙu. Sai ka je wurin gunkin gwaji, wanda ba ya ramawa, ka yi ta maimaitawa har yatsunka su riƙe ba tare da ka kalli ƙasan allo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka ɗaure bugunka a maɓallan da yatsu ke kaiwa, ka daina bin su da linzami kana dannawa.

Wata cuta ta sababbi ita ce rowar manyan bugu. Sai mutum ya adana su wai sai an kai ga babban dodo, har a fita kogo bai taɓa su ba. Abin da ke dawowa bayan minti ɗaya ko biyu ba kayan ajiya ba ne. A Final Fantasy XIV ma an tsara yawancin abubuwan ƙara ƙarfin ƙungiya su dawo duk minti biyu, don kowa ya sauke nasa a lokaci guda.

In ƙananan dodanni suka taru da yawa fa?

Daga uku zuwa sama, koma bugun da ke watsuwa kan kowa. Amma bari tanki ya fara taɓa su, kuma in yana gudu yana tattaro su, bi shi har ya tsaya. In wani ya ɓalle ya biyo ka, kai shi wurin tanki, kada ka zagaya kogo da shi.

Intanet ɗina na da jinkiri. Zan iya kuwa?

Za ka iya. Mai wasa daga Kano ko Maraɗi cibiyar Turai, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan a can, ce ta fi masa kusa, ita zai zaɓa, ba ta Amurka ko Japan ba. Duk da haka saƙonka sai ya je ya dawo, kuma abin da cibiya ta gani shi ne hukunci, ba abin da allonka ya nuna ba. Shi ya sa za ka rantse ka fita daga da'irar amma duka ya same ka. Maganinsa ka motsa da zarar alama ta fito, kada ka jira ƙarshenta kamar yadda kake gani a bidiyon gwanaye. Akwai kuma ƙananan bugun da ake cusawa tsakanin manya biyu. Masu intanet mai kyau kan cusa biyu, kai ka cusa ɗaya in ka ga na biyun na jinkirta maka agogo. In da hali ka sa waya daga na'urar intanet zuwa kwamfuta, ta fi iska tabbas. In kuma wutar unguwarku ba ta da alƙawari, kada ka shiga yaƙin mutum takwas ba tare da batiri ko janareta a kusa ba.

Ban da duka, akwai abin da ake jira daga gare ni?

Akwai, kuma nan ake gane wanda za a sake gayyata. A World of Warcraft katse tsafin abokin gaba aikinka ne: Rogue na da Kick, Warrior na da Pummel, Mage na da Counterspell. A Final Fantasy XIV masu dukan kusa na da Feint, masu tsafi na da Addle, duka biyun suna rage zafin bugun dodo kafin ya sauka kan jama'a. Summoner da Red Mage har tayar da matattu suke yi. In mai magani ya faɗi kana da wannan, bar dukan ka ɗaga shi.

Ina tsoron a zage ni in na ɓata wa mutane.

Rubuta a farkon shiga cewa wannan ne karonka na farko. Yawanci za a yi maka bayani, kuma a Final Fantasy XIV ɗan koren tsiron da ke gefen sunanka ya riga ya faɗa musu. In kana son gwaji ba idon kowa, akwai Hall of the Novice, wurin horar da sababbi, daga mataki na 15, da Duty Support, inda kwamfuta ke riƙe sauran ayyukan. World of Warcraft ma ya kawo irinsa, Follower Dungeons, a 2024.

Game da ma'aunin duka, irin Details da 'yan World of Warcraft suka daɗe suna amfani da shi, gwada kanka da kanka na makon jiya, kuma ka fara duba layin da ke nuna dukan da ka sha kafin wanda ka yi. A Final Fantasy XIV kuwa dokar wasan ta hana irin waɗannan manhajoji na waje, don haka wanda ya liƙa maka lambobi yana gori, shi ne ke da abin tsoro in ka kai ƙara.