Haɗurran Motar Zango da Hanyoyin Kauce Musu

Motar zango mota ce da aka tsara cikinta kamar ɗaki, da gado da wurin girki, wani lokaci har da banɗaki, domin tafiyar shaƙatawa da kwana a hanya. Ta fi yawa a Amurka da Turai, kuma iri biyu ce: mai injin kanta, da ɗakin da ake ɗaurawa a bayan wata mota ana ja. A Zariya ba kasafai ake ganin ta asali ba. Abin da ya fi kama da ita shi ne bas irin Hiace da aka cire wa kujerun baya, aka shimfiɗa katifa, aka ɗora silindar gas da janareta za a tafi Yankari ko Jos. Haɗurransu duk ɗaya ne, kuma nauyi na cikin abubuwan da ke jawo su.

Fashewar taya tana cikin waɗanda aka fi samu. Taya mai ƙarancin iska tana lotsawa ta gefe a kowane juyi, ta yi ta ɗaukar zafi har wayar ciki ta rabu da roba. Idan aka haɗa da lodi da zafin kwaltar Maris da Afrilu a hanyar Kaduna ko Kano, ba ta daɗewa. Ana gwada iska da safe kafin mota ta motsa, bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba yadda mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa ba. Tsufa ma yana ɓoyewa, domin motar zango ta fi zama a ajiye: zanen tayar sabo ful, gefenta kuwa duk ya tsattsage. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne shaidar lokacin da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ne abin dubawa kafin a sayi tayar gwanjo. In taya ta fashe ana gudu, ba a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali, a gangara gefe.

Lodi yana taruwa ba a ankara ba. Jarka huɗu masu lita 25 cike da ruwa kilo 100 ke nan. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In aka jibge su a kan rufi, mota tana iya kifewa a kwana. Ɗakin ja kuwa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa ya kamata ya hau kan maƙalarsa. Idan bayansa ya fi nauyi sai ya fara lilo, musamman lokacin da tirela ta gifta.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaye ƙasan mota yake kwantawa. Ana shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, kumfa ta nuna inda yake fita. Silinda tana tafiya ne a tsaye, a ɗaure, a rufe. Hayaƙin janareta ya fi wannan muni, saboda gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, kuma cikin barci take kashewa. A sanyin hunturu, da ake rufe tagogi ruf, haɗarin ya fi yawa. Waje ake kunna janareta, nesa da taga, haka ma kaskon gawayi ba ya kwana a ciki.

A gangara mai tsawo, irin ta saukowa daga tudun Jos, taka birki ba ɗagawa yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙaramin giya ake sawa injin ya riƙe motar. Sai tsayi: a auna motar har da kayan kan rufi, a rubuta a manna gaban direba, domin wayoyin lantarki a lungunan cikin birni da Tudun Wada sukan yi ƙasa sosai. Idan haɗari ya auku a babbar hanya, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.