Ruwan Kwata Ba Taki Ba Ne, Ku Raba Shi Da Lambunku

Makon jiya na leƙa wani gidan haya a Agege, nan Legas, can bayan layin dogo, don in duba lambun buhu da muka kafa da matan gidan watanni biyu da suka wuce. Buhu goma sha biyu ne a jere a jikin katanga: alayyafo, latas, yakuwa, attarugu, da lalo, wanda maƙwabtansu Yarbawa ke kira ewedu. Ganye ya yi kore shar har yana sheƙi. Ina tsaye ina yaba musu, ina cewa lallai hannunku da albarka, sai ga wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya shigo yana rinjaya da bokitin fenti. Ruwan ciki baƙi ƙirin, ledar fiyawata tana yawo a kai. Ko kallona bai yi ba, ya wuce ya juye shi a kan latas. Na ce, "Kai, daga ina ka ɗebo wannan?" Ya nuna min ƙofar gida da baki.

Mahaifiyarsa ta yi dariya ta ce, "Malama, ai shi ya sa kika ga sun yi kyau haka. Ruwan kwata ya fi takin zamani."

Gida na huɗu ke nan a cikin wata guda. Na gani a Agege, na gani a Idi-Araba, na gani wajen Mile 12, na kuma gani a wurin iyayenmu masu gadi da ke ɗan shuka alayyafo da kuɓewa a bakin katangar gidajen da suke tsaro a Ikeja. Har na gaji da faɗa baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta. Don Allah, don Annabi, ku daina shayar da abin da za ku ci da ruwan kwata.

Ba wai ban san dalilinku ba ne. Ni ma a Ikko nake zaune, ni ma jiran mai kura nake yi. Ruwan famfo bai kai yawancin unguwanninmu ba, rijiyar wasu gidajen zartsi gare ta, kuɗin jarka kuwa kullum gaba yake yi. Mace ta sayi jarka huɗu, ta raba tsakanin girki da wanka da wanki da alwala, sannan a ce ta ware wa buhun alayyafo nasa? Ga kwata kuma a bakin ƙofa, tana gudu dare da rana, ba mai tambayar ko sisi. Na gane sarai. Kuma ina jin daɗin yadda kuka rungumi noman buhun nan, wallahi ina jin daɗi. Shekarun baya in na ce wa mace ta shuka tattasai a tsohon buhun shinkafa, kallon mai taɓin hankali take min. Yanzu tsadar kayan miya ta koya wa kowa. To amma kada garin neman gira a rasa ido.

Ku da kanku kun san abin da ke cikin kwatar Legas, ba sai na karanta muku littafi ba. Wace sokawe ce ba ta tsiyaya cikinta in an yi ruwa? Gida nawa ne bututun banɗakinsu ya miƙe kai tsaye zuwa lambatu? Ina ake juye fo ɗin yara da asuba? Ina mai kashi a leda yake jefa ledarsa? Ƙara da jinin yanka da ruwan wankin tumbi, da baƙin mai daga garejin kanikawa, da ruwan tsohon batir, da mushen ɓera. Duk wannan ne yaron nan ya ɗebo a bokiti ya zuba a kan latas ɗin da za a yanka a ci ɗanye da ƙuli da man gyaɗa. Koren da kuke gani kuna murna, ƙazantar mutane ce ta ciyar da shi. Shuka ba ta ƙyama, komai aka ba ta sha take yi. Cikin ɗanki ne ba zai ɗauka ba.

Wani dattijo mai gadi, mutumin kirki, ya taɓa tare ni da hujja. Ya ce, "'Yata, ni fa a lambu aka haife ni. A Kano ma da ruwan Jakara ake ban ruwa, kuma ga mu nan da ranmu." Na ce, "Baba, gaskiya ne ana yi, amma yin da ake yi bai mai da shi daidai ba. In tambaye ka mana. Za ka yi alwala da wannan ruwan?" Ya ce, "Subhanallahi!" Na ce, "In ya fallatsar maka a riga, za ka shiga sahu da ita?" Ya ce a'a, sai ya wanke. Na ce, "To ruwan da launinsa da warinsa suka canza da najasa, wanda ba ka yarda ya taɓa bakin wandonka ba, shi kake zuba wa abin da jikokinka za su sa a baki." Ya yi shiru yana juya hularsa. Da na koma bayan kwana goma, na tarar da bokitin nan dai a bakin kwalbati, da igiyarsa. Abin da ke ƙona min rai ke nan. Ana ji, ana gyaɗa kai, ana cewa Allah ya saka, Malama, in na juya baya a koma ruwa.

Kun manta watan Yunin 2024? Daidai lokacin Babbar Sallah kwalara ta ɓarke a jihar nan, Kwamishinan Lafiya Farfesa Akin Abayomi ya fito ya sanar, aka yi asarar rayuka. Lagos Island ce kan gaba, sai Kosofe da Eti-Osa, kuma Kosofe ɗin nan ita ce ƙaramar hukumar da kasuwar Mile 12 take, inda dubban 'yan uwanmu ke kwana suna tashi. Hanyar kwalara ɗaya ce: kashin mai ciwo ya samu shiga ruwa ko abinci, wani ya haɗiya. Taifot ma haka, atini ma haka, tsutsar ciki ma haka. Mai ɗibar ruwan kwata ya kai wa lambu ya gajarce wa ciwo tafiya, ya ɗauko shi da hannunsa ya kawo tsakar gida.

Sai a ce min, "Ai muna wankewa da gishiri." Gishirin da kike barbaɗawa a roba ki ɗauraye sau ɗaya ba ya kashe ƙwan tsutsa, kuma ba ya bin kowane lungu na ganyen latas da kabeji. Wasu su ce, "Ai dafawa muke yi." To, alayyafon da ya tafasa sosai, wuta ta kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, na yarda. Hannun da ya tsinko shi fa? Wuƙar da aka yanka shi da ita, aka juya aka yanka albasar da za a ci ɗanya da ita fa? Bokitin da ya shiga kwata da safe, da rana aka ga babu wani a kusa aka tari ruwan wanke-wanke da shi fa? Na ga wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. Ga kuma ƙasar buhun kanta. Ƙwan tsutsar ciki yana iya shekaru a cikin ƙasa da ransa, kuma wa ke wasa da ƙasar buhun nan in ba mai rarrafe ba? Sannan akwai abin da ko wuta ba ta taɓa shi, wato dalma da 'yan uwanta da ke fitowa daga batir da tsohon fenti da sharar masana'antu. Dalma ba baƙuwarmu ba ce, ita ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar dutsen zinariya. Ta kwata ba ta kisa farat ɗaya irin wancan, a hankali take taruwa a jikin yaro tana dakushe masa ƙwaƙwalwa, ba zazzaɓi balle a ankara.

Akwai ƙanwar wannan ɗabi'a da ita ma nake son a binne. Ranar Alhamis da safe, lokacin da kasuwanni ke rufe don shara, ana kwashe baƙar lakar kwata a tara a bakin hanya. Sai ka ga mutum ya zo da buhu yana ɗiba, wai ya samu ƙasa mai ƙarfi. Haba jama'a! Abin da ya kwanta a gindin kwata wata da watanni ai shi ne gundarin dattin. Ku bar wa masu kwasar shara kayansu.

To da me za a shayar? Wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma amsarta tana saman kanku. Ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Mu da muka taso inda ake fita roƙon ruwa, mun zo garin da ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, amma muna kallonsa yana zuba daga indararo yana shiga kwata, sannan mu bi shi can mu ɗebo bayan ya gama cuɗanya da najasa. Wannan wace irin dabara ce? Lissafin ba wuya. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, zai ba ki lita 320. Duro guda lita 200 yake ci. Ruwan dare ɗaya ya cika duro har ya yi saura. A lambun da ke bayan ɗakina, jarka ɗaya mai lita 25 tana isar buhu goma a yini, kin ga duro ɗaya ya ɗauke ki mako guda cur.

Sai dai a bar ruwan farko ya wanke kwanon tukuna, saboda ƙura da kashin tsuntsu da na ƙadangare, sannan a tara. Kuma a rufe duron ruf, ko a ɗaure bakinsa da tsohon gidan sauro. Kada in raba ku da kwalara in haɗa ku da maleriya. Sauro mako guda zuwa kwana goma yake buƙata daga ƙwai zuwa mai cizo, buɗaɗɗen duro kuwa gidan haya ne kyauta a wurinsa.

Da rani fa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sama ta ɗauke? Nan ne nake son ku dubi ruwan da kuke zubarwa da hannunku. Ruwan alwala kaɗai ya isa abin kallo: gida mai mutum shida, salla biyar, kowa da butarsa. A ajiye baho a wurin alwala, kafin magariba an tara abin mamaki. Wani ƙaramin masallaci da nake wucewa ta gabansa, ladaninsu ya gyara wurin alwalar ya karkata ruwan zuwa gindin zogale uku da ya dasa, yanzu har mata na aiko yara tsinka. Ruwan wankin shinkafa, ruwan wankin wake, ruwan da aka ɗauraye tumatir da shi, duk na lambu ne. A zuba a ranar, kada a bari ya kwana biyu ya yi tsami.

Saura in faɗa a gurguje, don na san an fara gajiya da ni:

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba.
A zuba a gindi, kada a watsa a kan ganye.
A rufe saman buhu da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko dusar katako, danshi zai daɗe.
Gorar roba a huda murfinta da allura, a cika, a kifa a gindin shuka, ta riƙa ɗiga.
Ruwan wankin kashin yara, ruwan bilic, da mai kumfar omo da yawa, ba na lambu ba ne.
Bokitin lambu daban, na girki daban.
Kashin kaji ko na shanu da aka samo a mayanka ko kara, a tara shi ya ruɓe wata biyu zuwa uku kafin ya shiga buhu.
In ruwan bai isa buhu goma sha biyu ba, a yi biyar. Biyar masu tsafta sun ishi miya.
A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ƙasa, yara da manya.

In kuwa wani a gida ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ko amai da gudawa tare, ba a jira gari ya waye. A haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, in babu a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana tafiya asibiti. Wannan ba fannina ba ne, fannin ma'aikatan lafiya ne, amma na zauna a gidan makoki sau ɗaya saboda "bari mu gani zuwa safe", ba na son na biyu.

Gidan Agege kuwa, ban fita ba sai da muka tuge latas ɗin nan gaba ɗaya, buhu uku, muka juye ƙasarsu a shara. Matar ta ɓata rai, har ta ce, "Malama, wata biyu fa ina wahala da shi." Na ce, "Na sani, Maman yara, ni zan kawo miki wani irin." Attarugu da yakuwa da sauran mun bar su bisa sharaɗin daga yau sai ruwa mai tsafta, kuma duk abin da aka tsinka sai ya dahu. Maigidan ya yi alkawarin samo duro a wurin wani abokinsa, na ce ya tabbatar ba wanda aka zuba maganin ƙwari ko sinadari a ciki ba ne. Ranar Asabar zan koma da irin latas, kuma kafin in yi sallama bakin kwatar zan fara dubawa, in ga ko bokitin fentin nan yana nan.